Furosesa ya zauna daram a soket, amma allo ya ƙi kawowa

Abba Editin: Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin abin ku kawo min ɗauki. Ina da kwamfutar tebur da nake yanka bidiyon biki da ita, haɗin hannu ce, ba ta kamfani ba. Furosesanta i3-6100 ne, ram 8GB. Tun da na fara karɓar aikin kyamara biyu take ja min ƙafa, in na sa bidiyo fita bayan Magariba sai in ci tuwo in yi hira in dawo bai kai rabi ba. Jiya na sayo i5-8400 na hannu. Kafin in biya sai da na duba a waya, shi da tsohon duk LGA 1151 aka rubuta a matsayin soket, wato ramin da furosesa ke zama. Na zo gida na ɗaga ƙarfen soket na ɗora shi, ya zauna daram, ban danna komai da ƙarfi ba. Na kunna, fanka tana juyawa, fitilar gaba tana ci, amma allo baƙi ƙirin, ko rubutun farko ba ya fitowa. Ga aikin kamu da dina da zan miƙa ranar Lahadi.

Sadik: Wa'alaikumus salam. Ram ne. Zare shi ka goge bakinsa da kilina ka mayar.

Nura Kurna: Ko ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo na minti biyar ka mayar.

Abba Editin: Duk na yi wallahi. Ram ɗin har rami na canza masa. Shiru.

Malam Idi Mai Gyara: Abba, kafin ka ƙara taɓa komai, mene ne sunan madabod ɗin, wato babban bod ɗin da soket ke jikinsa? Ba sunan da ke jikin akwatin ba. Ka haska tocila a kan bod ɗin kansa, yawanci akwai rubutu da manyan baƙaƙe tsakanin fanka da dogon ramin katin girafik. In ƙura ta rufe, ka mayar da tsohon furosesan, ka shiga Windows ka rubuta msinfo32, za ka ga sunan a layin da ya fara da BaseBoard.

Abba Editin: Malam na gani. H110M ne a farko, sai wasu haruffa a bayansa.

Malam Idi Mai Gyara: To ka daina wahalar da ram, ba shi da laifi. Wannan furosesan ba zai tashi a kan wannan bod ba.

Abin da ya faru da kai ya faru da mutane da yawa, domin LGA 1151 iri biyu ne masu suna ɗaya. Na farko ya fito a 2015 tare da zubi na 6 na furosesan Intel, ya kuma ɗauki zubi na 7. Bod ɗinsa su ne masu lamba ɗari da ɗari biyu: H110, B150, Z170, B250, Z270 da 'yan'uwansu. Da zubi na 8 ya fito a ƙarshen 2017, sai Intel ta bar ramin yadda yake, yawan fil (ƙananan alluran cikin ramin) ɗaya, tsagar gefe ɗaya, amma ta canza aikin wasu fil ɗin, ta kuma fito da bod masu lamba ɗari uku: H310, B360, B365, Z370, Z390. Su ne na zubi na 8 da na 9. Shi ya sa ya shiga ba gardama. Kama da wane ba ta wane.

Lambar farko bayan karan nan ita ke gaya maka zubi. 6100 na shida ne, 8400 na takwas.

Jamilu: Malam Idi da girmanka, amma ni ban yarda ba. H110 gare ni, na canza furosesa ya ƙi kawowa kamar na Abba, na mayar da tsohon na sabunta BIOS, wato manhajar cikin bod da ke tayar da injin, na sake sa sabon ya tashi. Yau shekara biyu. Abba ka yi ofdet kawai.

Malam Idi Mai Gyara: Wanne ka sa, Jamilu?

Jamilu: i5-7500.

Malam Idi Mai Gyara: Ka ga ai naka na bakwai ne. H110 ya riga zubi na 7 fitowa, don haka tsohon BIOS bai san shi ba, sai an sanar da shi. Gidansu ɗaya, gabatarwa ce kawai ta rage. Na Abba kuwa ko BIOS na ƙarshe da kamfanin ya saki ya sa, ba zai ga 8400 a jerin ba.

Jamilu: To na janye. Na zaci duk tafiyar ɗaya ce.

Abba Editin: Innalillahi. Malam ba dai na ƙona wani abu ba? Sau kusan shida na kunna.

Malam Idi Mai Gyara: Mayar da i3 ɗin ka gani. Ka riƙe shi ta gefe, ka sauke a hankali, kada yatsanka ya shiga ramin. Fil ɗin Intel a jikin bod suke, sun fi gashin gira laushi, ɗaya ya lanƙwashe an shiga wani zancen.

Abba Editin: Alhamdulillahi ta kawo da tsohon.

Hassan Poly: Ni fa abin da ke ba ni haushi, da gangan aka yi wannan. Fil 1151 can, fil 1151 nan, me zai hana? So ake kowa ya sayi sabon bod. Kuma an tabbatar, mutane sun yi wa BIOS kwaskwarima sun tayar da zubi na 8 har da na 9 a kan H110 da Z170. Abba in kana so ka kawo min, ina da maƙalin da ake rubuta BIOS kai tsaye a kan cif.

Malam Idi Mai Gyara: Hassan, ba ƙarya ka yi ba, ana yi. Bayanin da Intel ta bayar shi ne zubi na 8 ya zo da koa shida, wato ƙwaƙwalen aiki shida a cikin furosesa ɗaya, an mayar da wasu fil da da ba sa aikin komai zuwa ɗaukar wuta. Ko hujjar ta gamsar ko ba ta gamsar ba, canjin fil ɗin gaskiya ne, shi ya sa masu wannan dabarar a wasu bod sai sun liƙe wasu ɗigogin ƙasan furosesan da salatif, su haɗa wasu. Kuma H110 bod ne na talaka, kayan da ke ba furosesa wuta a jikinsa ba su da yawa.

Hassan Poly: Amma Malam 8400 wat 65 ne, daidai da i5-6500 da i7-6700 da H110 ke ɗauka lafiya lau. Maganar wuta ba ta taso ba a nan.

Malam Idi Mai Gyara: A takarda haka ne, na ba ka wannan. Da 8700K ne da mun daɗe muna musu. Amma ka dubi wanda ke tambayar. Injin da yake ci da shi ke nan, guda ɗaya, ga aikin mutane ranar Lahadi. In ka rubuta masa BIOS ɗin da ba na kamfani ba, ta tashi yau, jibi tana tsakiyar fitar da bidiyo ta tsaya cak, wa zai kira? Uwar amarya ba ta san wani cif ba. In kana da bod ɗin wasa a ɗaki ka gwada, ni ma zan zo kallo. A kan na neman abinci kuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hassan Poly: Haha, shi ke nan Malam. Amma dai ra'ayina kan kamfanin yana nan.

Sadik: Shi wanda ya sayar maka bai tambaye ka bod ɗinka ba?

Abba Editin: Ya tambaya, na ce 1151 ne, ya ce ai shi ke nan, 1151 duk 1151 ne.

Nura Kurna: Cuta ce kawai. Ya sani sarai.

Baban Khairat: A'a Nura, kada mu ɗauki alhakinsa. Da yawan masu tebur ɗin nan kaya suke saya a kwali su sayar, ba haɗawa suke ba. Tambaya ya yi, aka ba shi amsar da ba ta cika ba, shi ma iliminsa bai wuce nan ba. Ni darasin da na koya tun zamanin 1155 shi ne ba a zuwa kasuwa da sunan soket, da sunan bod ake zuwa. Kowane kamfanin bod yana da shafi da ya jera furosesan da bod ɗin ke ɗauka, da lambar BIOS ɗin da kowanne ke bukata a gefensa. Abin da ba ya jerin, ka bar shi a shagon.

Abba Editin: Yanzu muka gama waya da shi. Ya ce ba ya mayar da kuɗi, amma zai karɓi 8400 ɗin ya ba ni i7-7700 in yi ciko. Cikon fa ba kaɗan ba ne. Ya kuka gani? Ai i7 ya fi i5 ko?

Jamilu: Karɓi abinka. Ofdet ɗin BIOS kawai za ka yi ka huta, ba sai ka kwance komai ba.

Malam Idi Mai Gyara: Nan ma a tsaya. Sunan i7 ne ke ruɗar mutane. 7700 koa huɗu gare shi, kowanne na ɗaukar aiki biyu. 8400 koa shida ne na gaske. A wajen fitar da bidiyo ba za ka ga 7700 ya tsere masa ba, kusan kafaɗa da kafaɗa suke. Tsadarsa kuma ba ta ƙarfi ba ce, shi ne kusan ƙarshen abin da masu H110 da B250 za su iya sawa, kowa shi yake nema, sai 'yan kasuwa suka riƙe wuya.

Ni a nawa ganin, ka riƙe 8400, kuɗin cikon nan ka nemi bod H310 ko B365 da shi. Ram ɗinka in DDR4 ne zai shiga. Fankarka za ta hau, ramukan ƙusa ɗaya ne. Fawa ma, wato akwatin da ke ba injin wuta, ba sai ka canza ba. Kuma 8400 yana tashi a kan kowane bod mai lamba ɗari uku ba tare da an sabunta komai ba.

Maman Hanif: Ku ƙara masa da maganar Windows. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma jerin furosesan da Windows 11 ta amince da su a hukumance daga zubi na 8 ya fara, in ka cire 'yan ƙalilan. 7700 ba ya ciki. Wato ka yi ciko ka sayi abin da aka riga aka rufe wa ƙofa.

Hassan Poly: Ana tsallake wannan shingen Hajiya, da filash ɗaya.

Maman Hanif: Kai dai Hassan komai sai ta katanga. Ni mai shagon buga takardu ce, ta ƙofa nake son shiga.

Tunda an taɓo zancen, Malam Idi ni ma ga tawa. Ina da kwamfutocin Dell OptiPlex 3040 guda uku a shago, duk i3. Yaran da ke cike wa ɗalibai fom suna kukan nauyi in sun buɗe shafuka da yawa. Zan iya yin irin abin da kuka ce wa Abba?

Malam Idi Mai Gyara: Hajiya naki daban ne. Injin kamfani ba a yi masa irin wannan tiyatar cikin sauƙi. Bod ɗinsa da akwatinsa da fawarsa tare aka ƙera su, wayar wutar ma ba mai baki 24 ɗin da muka saba ba ce, don haka bod ɗin kasuwa ba zai zauna miki yadda ake so ba. Furosesa dai za ki iya ɗagawa a cikin zubi na 6, i5-6500 ko i7-6700. In 'yan ƙananan nan ne masu girman littafi, sai masu harafin T a ƙarshe, irin 6500T, su wat 35 suke ci, akwatin ba zai iya da zafin babban ba. Ki lura kuma 3040 DDR3L yake ci, kada a haɗa ki da DDR4, tsagar ma ba wuri ɗaya take ba.

Amma don Allah kafin ki kashe kuɗi a furosesa, faifan cikinsu wane iri ne?

Maman Hanif: Mai ƙara ɗin nan ne, in ta tashi kamar ana niƙa.

Malam Idi Mai Gyara: To ciwon ke nan. Sa musu SSD, faifai mai sauri marar ƙara, ki cika ram ya kai 8GB. Cike fom ba ya bukatar i7. In ba ki ga bambanci ba ki zo ki karɓi kuɗinki a wurina.

Usman Ryzen: Ina ta karatu ina dariya. Duk wannan wahalar ta mutanen Intel ce. 1155, 1150, 1151 kashi biyu, 1200, 1700, yanzu 1851. Kusan duk zubi biyu sai an sake gida. Mu 'yan AMD, soket ɗinmu AM4 tun Ryzen na farko a 2017 har zuwa 5000 rami ɗaya ne. B450 ɗina da 2600 na fara, yau 5600 ne a kai.

Baban Khairat: Usman faɗi gaskiya duka mana. Da ka sa 5600 ɗin haka ya tashi?

Usman Ryzen: To, sai da na sabunta BIOS da tsohon a ciki.

Baban Khairat: Yauwa. Wanda kuma ya sayar da tsohon kafin ya sabunta fa? Ya zauna da bod da furosesa suna kallon juna, sai dai in bod ɗin na da maɓallin nan na baya da ke karɓar BIOS daga filash ko babu furosesa, ko ya je aron wani. Sannan 5600 ba shi da girafik a cikinsa, sai mai G a ƙarshe. Na ga wanda ya cire 3200G ya sa 3600, ya soka wayar allo a bayan bod, ya kwana yana zagin mai shago, alhali kati kawai yake bukata.

Malam Idi Mai Gyara: Haka masu F na Intel. Abba ka ji, in wani ya ce zai canza maka da 9400F, ba shi da girafik, kai kuma ban ji ka ambaci kati ba.

Abba Editin: Ba ni da shi Malam. A bayan bod nake sokawa.

Usman Ryzen: Na yarda akwai sharuɗɗa. Amma ko banza ban sayi bod sau biyu ba. Maganar sabunta BIOS kuma, duk wanda zai yi ya nemi inbata ko UPS mai rai. Ni na taɓa yi da wutar gari a wani tsohon bod, layin nan ya kai wajen rabi aka ɗauke. Da aka dawo da ita ko fanka ba ta yi wani motsin kirki ba. Sai da na kai wa mai irin maƙalin Hassan ya sake rubuta cif ɗin. Minti uku ne aikin, amma ranar na san tsawon minti uku.

Hassan Poly: Kun ga amfanin 'yan katanga ke nan.

Abba Editin: Na gode ƙwarai jama'a. Na yanke shawarar neman bod. Sabo ya yi min nisa, na hannu zan duba gobe a Beirut Road. Me zan kula da shi kada a sake?

Malam Idi Mai Gyara: Ka tafi da furosesanka da ram ɗinka a aljihu, ka naɗe su a takarda. Kada ka biya sai an haɗa a gabanka ka ga BIOS ya fito ya rubuta i5-8400 da adadin ram. A gwada ramukan ram duka, ba ɗaya ba, domin fil ɗin soket in ya karkace sau da yawa rami ɗaya ne ke mutuwa, injin kuma ya tashi kamar lafiya. Kafin a ɗora furosesan ka karkata bod ɗin ka haska tocilar waya ta gefe. Fil masu lafiya a jere suke kwance kamar gonar shinkafa da iska ta bi ta kai, wanda ya lanƙwashe za ka ga yana ƙyalli shi kaɗai. Ka shinshina wajen da wayar wuta mai baki huɗu ko takwas ke shiga, in akwai ƙauri ka ajiye.

Allonka wace waya yake ci?

Abba Editin: Shuɗiyar nan mai kunnuwa biyu da ake murɗawa.

Malam Idi Mai Gyara: VGA. To ka tabbata bod ɗin na da ita, ba duka ke zuwa da ita ba. Kuma ka ce a ba ka farantin bayan, wanda ramukan USB ke leƙowa ta ciki. Na tsohon ba zai dace ba.

Baban Khairat: Ka sayo man shafawa na furosesa. Wanda ke ƙasan fankarka ya bushe tun tuni, kuma ka ɗaga ta sau nawa a kwana biyun nan. Ka goge tsohon tas, ka ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiya. Da zafin da ake yi yanzu, koa shida a kan busasshen mai ba za su yi maka daɗi ba.

Sadik: In ka samu B365 ka fi H310, yawancinsu ramin ram huɗu ne.

Nura Kurna: In kuɗi sun kai ba. Mai ramuka biyu ma 16GB biyu ai sun ishe shi har ya aurar da 'ya'yan amaren.

Abba Editin: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. H310M na samu. Na farko da aka miƙo min na haska kamar yadda Malam ya ce, sai ga fil biyu a kusurwa suna harararmu, mai shagon da kansa ya ce bai lura ba, ya ɗauko wani. An gwada a gabana, ramuka biyun duk suna aiki, akwai VGA. Farantin baya ne babu, ya ce haka suke zuwa a kwali. Na haɗa da daddare, Windows ta ɗan yi jim ta sake tashi sau biyu sannan ta shiga, fayilolina duk suna nan. Na sa bidiyon kamu fita kafin in tafi masallaci, ina dawowa na tarar saura kaɗan. Matsala ɗaya, wani rubutu ya fito a ƙasan allo ta dama wai in kunna Windows.

Maman Hanif: Lasisin da bod yake ɗaure, a wurinta sabuwar kwamfuta ce. In da ma ka haɗa shi da asusunka na Microsoft, shiga wajen kunnawar ka zaɓi cewa ka canza kayan injin kwanan nan. In kuma irin wanda ya zo manne da tsohon bod ne, ba lallai ya biyo ka ba. Ba zai hana ka aikin Lahadi ba dai.

Malam Idi Mai Gyara: Madalla. Ramin bayan nan kada ka bar shi a buɗe, ba don ƙura kaɗai ba. Na taɓa buɗe injin da aka kawo min na tarar da tsaka ta soye a bayan bod. Ka yanka kwali mai tauri ka huda wuraren da wayoyi ke shiga kafin ka samu na ƙarfe.

Hassan Poly: Abba tsohon H110 ɗin fa? Ka ba ni in yi gwajin da Malam ya ce zai zo kallo.

Jamilu: A'a ni na riga shi, tun jiya na yi masa magana ta gefe. Da i3 ɗin nake so, zan haɗa wa ƙanwata ta koyon taifin.

Abba Editin: Ku daidaita tsakaninku. Amma fanka ba ta ciki, tana kan sabon.